Kauci a Ɗorawar Iya

Ina da shekara ashirin da biyu aka ba ni kaki da jar hula da usur da wani ɗan littafin aljihu, aka ce na zama malamin daji. A farkon shekarun hamsin ne, tun Turawa suna nan. Ni haifaffen Bebeji ne, kuma in za a bi gaskiya dajin da na sani kafin nan bai wuce sabara da kargon bayan gari ba. Amma na yi elemantare, na kuma yi 'yan watanni ana koya mana sunayen itatuwa da dokokin gandun daji. Saboda haka a ganina babu wani ɗan ƙauye da zai buɗe baki ya gaya mini wani abu game da itace.

Aka tura ni wani ƙauye can gaba da Tudun Wada, ta hanyar Doguwa, inda duwatsu suke fara tasowa. Motar kaya ta sauke mu a Tudun Wada ranar kasuwa, ni da matata da akwati ɗaya da keke, daga nan jakuna suka ƙarasa da mu. Gandun da aka ba ni tsaro sabo ne, bara waccan aka share iyakarsa aka jera tulin duwatsu. Da aka zo shata iyakar, sai ta haɗa da tsofaffin gonakin ƙauyen da suka koma saura, kuma a cikinsu akwai ɗorawa manya sun fi ashirin. Doka ta yarda mutane su shiga su ɗebi 'ya'yan itace da ciyawa da busasshen itace. Ɗanyen itace kuwa ba a sa masa ƙarfe sai da takarda. Wannan layin na haddace shi kamar karatun allo.

Gidan da mai gari ya ba mu, danga ɗaya ce ta raba shi da na wata tsohuwa mai yin daddawa. Kowa Iya yake ce mata, mu ma muka bi. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta namiji ya bi shi, 'yarta kuma tana aure can nesa. Ba ta da ƙarfin noma. Abin da ta mallaka a duniya shi ne ɗorawa ɗaya da ta gada daga mijinta, kuma ita ce mafi girma a cikin waɗanda iyaka ta haɗiye. A can kowace ɗorawa da mai ita, ko da gonar da take ciki ta zama daji. Daga wannan itaciya Iya take ci take sha. Kalwar ta yi daddawa, garin ta sayar wa masu kunu, ɓawon kuma masu daɓe su karɓa su jiƙa makuba. Ita ce ta karɓi matata, wadda a lokacin yarinya ce ba ta taɓa rabuwa da gida ba. Ta nuna mata rijiyar da ruwanta ba ya zartsi, ta nuna mata wa ake gaisarwa da durƙuso. Kullum ta fasa sabuwar daddawa sai ta miƙo mana ta saman danga.

Aikina zagaye ne. In hau keke inda keke zai bi, in tura shi inda ba zai bi ba. Idona kullum yana ƙasa. Ina neman sabon kututture, ina neman sawun jaki mai ɗauke da itace, ina duba ko an gusar da dutsen iyaka. Wata biyar ina wannan ban kama kowa ba, har abin ya fara damuna, don littafin aljihuna fari fat yake.

Wata safiya bayan an gama yankan dawa, na ji hayaniya daga wajen ɗorawoyin nan, da ƙarar sara. Na sa hula na nufi wurin. Abin da na tarar, Allah ya yafe mini, ya sa ni murna. Maza ne a kan itatuwa da 'yan gatura, rassa suna faɗowa. Shanun Fulanin rugar da ke kusa suna cin ganyen a ƙasa. Mata sun jera ƙoren kunu a inuwa, ana ta raha. Rabin ƙauyen yana wurin, da rana tsaka, a cikin gandu. Na hura usur har sai da kunnena ya yi ƙara.

Masu sara suka dakata. A can ƙololuwar ɗorawar Iya akwai wani tsoho siriri, da igiya a ƙugu. Na san shi a masallaci, kullum yana sahun gaba ta dama, Baba nake ce masa. Ban taɓa zaton mutumin da yake tafiya a sunkuye haka zai iya kaiwa inda na gan shi ba. Ya sauko a hankali, bai yi gaggawa don ni ba. Da ya dira ya kakkaɓe hannu ya ce, "Sannu da zuwa, Malam. An tashi lafiya? Ya iyali?"

Na amsa a gajarce, abin da ko a gidanmu aka ji sai an yi mini faɗa. Na ce, "Baba, wa ya ba ku izinin saran itace a cikin gandu?"

Ya ce, "Ai ba itace muke sara ba, Malam. Kauci ne."

Ya sunkuya ya ɗauko wani reshe ya nuna mini. A tsakiyarsa akwai ƙullutu kamar gwiwar da ta kumbura, daga ƙullutun kuma wani tsiro dabam ya fito, mai kaurin ganye, ba irin na ɗorawa ba. Ya ce tsuntsu ne yake kawo shi. Ya ci ɗan kaucin, ƙwallon ya manne masa a baki don danƙo, sai ya goga a reshe, shi ke nan ya shuka. Kaucin ba shi da saiwa a ƙasa, a cikin reshen yake kafa ta, ya riƙa shan ruwan itaciyar har abin da ke gaba da shi ya bushe. Ya ce tun kakanninsu, duk shekara bayan girbi ake yin gayya a bi ɗorawoyi da kaɗanyu a cire shi, a shafe wurin da kashin shanu. Fulani su kawo kashin shanun, su kwashi ganyen.

Na san kauci, amma a buhun masu magani na san shi. Abin da idona ya tsaya a kai shi ne reshen. Na ce, "Wannan da ke hannunka ba reshen ɗorawa ba ne?"

Ya ce, "Shi ne. In ba ka bi shi ka sare daga inda saiwarsa ta tsaya ba, baɗi zai dawo, ya fi na bana."

A raina na ce, lallai mutanen nan sun ga yaro. Sun haɗa baki da Fulani za su ciyar da shanu da itacen gandu, sun samo sunan da za su laƙaba wa abin. Na miƙa hannu na ce ya ba ni gatarin. Ya dube ni jim kaɗan. Sannan ya juya shi, ya riƙe ta wajen ƙarfen, ya miƙo mini ƙotar da hannu biyu. Ƙotar ta yi sulɓi don daɗewa a hannu. Ya ce, "To, Malam. Amma in kana zagayenka, ka riƙa ɗaga kai."

Wani dattijon Bafillace da ke jingine da sandarsa ya ce, "Mu dai ganye ne namu, Malam, za mu same shi a wani wuri. Masu itace su ne da asara." Suka kora shanunsu. Mata suka ɗauke kunu ba a sha ba.

Ranar na cika shafi uku. Na rubuta wa manyana cewa na tarar da jama'a suna sassare rassan itatuwa a cikin gandu don ciyar da shanu, na hana, na ƙwace makami. Kalmar kauci ba ta fito a rahoton ba, don ban ga dalilin sa ta ba. Bayan mako uku amsa ta zo da yabo. Na karanta wa matata sau biyu. Gatarin kuma na tura shi ƙarƙashin gado.

Iya ta zo da kanta bayan kwana biyu. Ta tsaya a bakin zaure ta yi sallama, ta durƙusa, tsohuwar da ta yi jika da ni. Ta ce, "Ɗan nan, ba a gama tawa ba. Rabi aka yi. Ka bari a ƙarasa, ko da kana tsaye." Na ce, "Iya, ai don a kiyaye miki ita ake wannan dokar. Ki kwantar da hankalinki." Ta ce, "To, Allah ya sa haka." Ta tashi da ƙyar tana dafa bango. Washegari daddawa ta ƙetaro danga kamar kullum.

Shekarar farko babu abin da ya faru, kuma wannan shi ya ƙara ɓatar da ni. Da rani ɗorawoyi suka yi fure, jajayen nan masu lilo kamar tuntun hula, ƙudan zuma suna ta kai-kawo. Da bazara aka yi roron 'ya'yansu lafiya. Na riƙa tafiya a ƙauyen ina jin na yi musu gata ba su sani ba. Da kaka ta zagayo mai gari ya aiko a tambaye ni ko za a yi gayya, na ce doka tana nan inda take.

A shekara ta biyu, in na hango ɗorawoyin daga nesa, sai in ga sun fi da duhun ganye, har lokacin da ya kamata su kaɗe. Na sa wannan ma a rahoto, a matsayin shaidar cewa itace yana murmurewa in an ɗauke masa hannu. Matata ce ta fara taɓo ni. Wata rana tana kaɗa miya ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kai da ka san komai na daji, ka san bana Iya sai da ta sayi kalwa a kasuwa ta cika tukunya?" Na ce shekara ce, wata ta ba da yawa wata ta ba da kaɗan. Ta ce, "Haka ne. Kai ne malami." Na sha toka, na ci tuwona.

Abin da ya sa na ɗaga kai daga ƙarshe ba hankali ba ne, faci ne. Cikin rani na uku kekena ya taka ƙaya ina dawowa daga zagaye, rana tana tsakiya. Na tura shi har gindin ɗorawar Iya, na jingine, na kwanta rigingine don in huta. Shekara biyu da rabi ina wucewa ta ƙarƙashin itaciyar nan, ranar ce na fara kallonta daga ƙasa zuwa sama.

Duhun ganyen da nake yabo ba nata ba ne. Kauci ne curi-curi, kowane reshe da nasa, wani da uku, da jajayen furanninsa kamar tsinken ashana. Daga kowane ƙullutu zuwa bakin reshe itace ya bushe ya yi fari. Can sama inda na fara ganin Baba, babu ganye ko ɗaya. Furanninta na ainihi kuwa na ƙirga su da yatsa. Ina nan kwance wani ɗan tsuntsu da bai kai babban yatsana ba ya sauka a wani reshe mai lafiya, ya goga bakinsa hagu da dama, ya tashi. Na tashi na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, na bar keken a nan. Duk sun kamu. Na nutsa cikin gandun, na tarar ya tsallaka kan kaɗanyu, har inda mutanen ƙauyen ba su taɓa kai gayyarsu ba, don da can ba ya samun zama a bakin dajin balle ya shiga ciki.

Zan so in ce washegari na gyara kuskurena. Ban yi ba. Kunya ta riƙe ni har damina ta shiga ta fita. Ina tunanin yadda zan tsaya a gaban mutanen da na hura wa usur, da yadda zan rubuta wa waɗanda suka yabe ni. Kullum in na idar da salla in ga ƙeyar Baba a sahun gaba sai in ce gobe. Waɗannan watannin su ne abin da na fi jin nauyinsa har yau, don na farko rashin sani ne, wannan kuwa da sanina.

Da kaka ta kusa na zauna na rubuta takarda, na yi ta kewaye-kewaye kamar wata sabuwar cuta ce na gano. Amsar ba ta kai layi biyar ba. Aka ce cire kauci gyaran itace ne, ba a taɓa hana shi ba, in nemi mutanen wurin da suka san aikin su taimaka. Na juya takardar ko akwai ƙari a baya. Ashe duk tsawon shekarun nan babu wata doka a tsakanin Iya da itaciyarta sai ni.

Na jawo gatarin daga ƙarƙashin gado. Ya yi tsatsa. Na kai maƙera aka wasa, na sa a buhu na tafi gidan Baba da hantsi. Na same shi a tabarma a ƙofar ɗaki, ƙafafu a miƙe. Wannan karon na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, har da tambayar jikoki. Sannan na fito da gatarin, na riƙe ta ƙarfen, na miƙa masa ƙotar. Na ce, "Baba, na ɗaga kai."

Bai yi dariya ba, bai kuma yi mini gori ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya shafa ƙotar ya ce, "Madalla. Sai dai ƙafa ta manta, Malam. Mai shekaruna in ya bar hawa shekara ɗaya, ya bari ke nan." Gwiwoyinsa sun kumbura da sanyin ƙashi. Samarin da suka fara koyo a hannunsa kuma, biyu sun tafi haƙar kuza cikin duwatsu ba su dawo ba.

Duk da haka aka yi gayyar. Mai gari ya sa aka yi shela, Fulani suka zo da shanu da kashin shanu a ƙwarya, mata suka dama kunu. Aka ɗauko Baba a kan jaki. A gindin kowace itaciya sai a shimfiɗa masa tabarma, ya kishingiɗa, ya riƙa nuni da sanda: wancan, ƙara matsowa, bar tafin hannu ɗaya daga ƙullutun, yanzu sara daga ƙasa tukuna kada ya tsage. Masu hawan itacen ba su isa ba, sai na tuɓe takalmi na cire hula. Wani ya ce, "Yau kaki zai ga sama." Dattijon Bafillacen nan ya ce a matsar da shanu kada Malam ya faɗo a kan ƙaho. Aka yi dariya, ni ma na yi. Kwana shida muka yi. Tafin hannuna ya ɗuri ruwa ya fashe. A kwana shidan nan na koyi abin da ya riƙe ni sauran shekarun aikina: yadda ake gane reshen da zai farfaɗo daga launin ɓawonsa, da dalilin da ya sa ake farawa daga itace mafi tsayi, don a kansa tsuntsu yake fara sauka.

Da can ina zaton daji wuri ne da ya tsira don mutane ba su taɓa shi ba. Waɗannan ɗorawoyin kuwa sun kai girman da suka kai ne don kowace shekara wani ya hau su da igiya a ƙugu, wani kuma ya tsaya a ƙasa yana nuna masa. Na zo da littafina na ga saran, ban tambayi abin da aka sare ba.

Abin da na lura da shi tun ranar farko shi ne, ba daga ɗorawar Iya aka fara ba, alhali ita ce mafi tsayi. Kullum in mun zo kusa da ita sai Baba ya nuna wata da sandarsa. Iya tana cikin mata tana zuba kunu. Rana ta shida da aka gama sauran na ce, "Baba, saura ta Iya." Ya ce, "Na sani." Ban jira ba, na ɗaura igiya na hau. Da na kai inda manyan rassa suka rabu da gindi, na tarar kaucin ya riga ni. Ƙullutu ya haɗe da ƙullutu, ya zagaye wurin gaba ɗaya. Na buga bayan gatari, itacen ya amsa kamar ganga. Na fara sara duk da haka.

Muryar Baba ta zo daga ƙasa, ba da ƙarfi ba. "Sauko, Malam. In ka bi wannan har inda ya tsaya, kututture za ka bar mata."

Sauran ɗorawoyin suka farfaɗo, ban da biyu ƙanana. Ta Iya ta yi damina ɗaya da ɗan ganye a gefe guda. Rani na gaba ba ta yi fure ba, da bazara kuma ba ta tofo ba. Masu ɗorawa suka shirya a tsakaninsu, kowa in ya yi roro ya auna wa Iya kalwa daga tasa. Ni ma na riƙa sayowa daga Tudun Wada ina ba matata ta miƙa mata, a ce daga wata 'yar'uwa ce. Na tabbata ta san daga inda take.

Wata safiya na fito zan tafi zagaye, na same ta a bakin zaure. Ta fara ƙoƙarin durƙusawa, na yi sauri na riga ta kaiwa ƙasa. Muka gaisa. Ta ce dafa kalwa yana cin itace, yini guda ake yi ana iza wuta, ita kuma ƙafarta ba ta kai ta nesa yanzu. Sannan ta ce, "Shi ne na ce bari in tambaya, ɗan nan, kada in yi laifi. Yanzu da ta bushe, doka ta yarda a taɓa ta?"

Na ce ta yarda. Ta ce sai an yi takarda? Na ce ba sai an yi ba. Ta yi mini godiya, ta sa mini albarka.

Ni na sare ta, da gatarin Baba, ni da samari biyu. Muka faskara, muka yi ta jigila da jaki muna tarawa a bayan ɗakinta, tulin ya fi danga tsayi. Ya kai ta fiye da shekara. Duk ranar da ta ɗora tukunyar kalwar mutane, hayaƙin yana bi ta cikin danga ya shigo tsakar gidanmu, kuma in daddawa ta nuna ta miƙo mana tamu ta sama kamar yadda ta saba.